Tsakani da Allah, kashi nawa ne laifin shugaban ƙasa a wannan tsadar?

Sani_Mil12:
Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas. Jiya bayan isha'i mun kusa ɓatawa da wani aminina a teburin mai shayi a Ketu. Ni dillalin kayan gwari ne a Mil 12, shekarata goma sha huɗu ke nan a kasuwar, shi kuma wayoyi yake sayarwa a Ikeja. Na ce duk ƙuncin tsadar nan da muke ciki a wuyan shugaban ƙasa Tinubu yake, tunda shi ya nemi kujerar kuma shi ya yi rantsuwa. Ya ce a'a, duniyar ce gaba ɗaya ta rikice, ko wa aka ɗora haka za a sha. Ya kawo mini Ghana, ya kawo Ingila. Na kwana ina juya maganar. Idan aka kasa laifin nan kashi goma, nawa ne na shugaban ƙasa, nawa ne na duniya, nawa ne na wasu? Don Allah ban da zagi, ban da maganar jam'iyya.

Garba_Tirela:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, ni daga kan sitiyari zan ba ka amsa. Tumatir da tattasai nake ɗaukowa daga Kwanar Gafan zuwa wajenku. Motata dizal take sha, shi kuwa dizal dama babu tallafi a kansa tun da daɗewa. A 2022, da Rasha ta afka wa Yukiren, lita ta tashi daga wajen naira 300 ta doshi 800. Wannan ban ɗora wa kowa a Abuja ba, domin ba mu muka kunna wutar ba.

Amma hanya fa? Wanda bai taɓa bin Tegina zuwa Mokwa zuwa Jebba da lodi ba, ba zai gane ba. Tafiyar da ya kamata a yi a kwana biyu sai ta ci huɗu. Kana zaune a layi rana na dukan kwanduna, ka leƙa ƙarƙashin mota ka ga ruwan tumatir yana ɗiga a kan kwalta, ka san kuɗin wani bawan Allah ne ke zuba. Ga masu tare hanya da katako mai ƙusoshi, kowa da irin rasit ɗinsa. Akwai tafiyar da na ƙirga har arba'in na gaji na bari. Duk abin da na ba su a kan kwando yake komawa. Wannan ba Rasha ba ce.

Maman_Ikram_Agege:
Ni ba na buƙatar dogon lissafi. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, a wajen rantsuwa, kafin a naɗa minista ko ɗaya. Kafin sati ya zagayo litar da muke saye ƙasa da 200 ta koma kusan 500. Shinkafa da wake nake sayarwa a bakin titi. Kuɗin danfo ya ninka, kuɗin niƙa ya ninka, masu cin faranti biyu suka koma ɗaya. Wa ya matsa masa bakinsa ya faɗi wannan kalmar a ranar? Kashi tara nasa ne.

Abba_Akoka:
Hajiya, ki yi haƙuri in ɗan ƙara bayani, ba musu nake da ke ba. Ina karatun tattalin arziki ne a nan Akoka. Dokar man fetur da Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta 2021 ita ta tanadi a saki farashin mai. Kasafin kuɗin 2023 kuma an ware kuɗin tallafi ne zuwa ƙarshen Yuni kawai. Manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku da Obi, duk sun ce za su cire shi. A 2022 kaɗai tallafin ya lashe sama da naira tiriliyan 4. Ga bashin da gwamnatin baya ta ci daga Babban Banki, naira tiriliyan 22.7, wanda majalisa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango ana saura 'yan makonni a miƙa mulki. Irin wannan bashin tamkar buga sabon kuɗi ne a zuba a kasuwa alhali kaya ba su ƙaru ba, dole farashi ya hau. Ciwon ya daɗe a jiki kafin 2023.

Maman_Ikram_Agege:
Ɗana Abba, na ji. To ko wanzami in zai cire wa jariri beli, sai ya sa an riƙe shi da kyau, an tanadi ruwan ɗumi, uwar tana kusa. Ba ya shigowa daga ƙofa ya zura aska. Mafi ƙarancin albashin 70,000 sai Yulin 2024 aka sa masa hannu, sama da shekara ɗaya bayan an cire tallafi. Mu da ba ma cin albashi kuma fa?

Abba_Akoka:
A nan kam ba ni da ja, Hajiya. Cirewar daban, yadda aka cire daban.

Alhaji_DanCanji:
Kun tsaya a kan mai, kun bar abin da ya fi shi cizo. Ranar 14 ga Yuni 2023, sati biyu da 'yan kwanaki bayan maganar mai, Babban Banki ya saki naira. Shekarata sama da ashirin ina canji a cikin Eko, bari in faɗa muku yadda abin yake kafin ranar. Dala a hukumance tana wajen 460, a hannunmu tana wajen 750. Mai uwa a gindin murhu ya samo ta a farashin gwamnati, ya juyo ya sayar a kasuwa, ya ci ribar kusan naira 300 a kan kowace dala ba tare da ya shigo da ko allura ba. Wannan ɓarna ce, kuma dole a toshe ta. Ina goyon bayan haɗe farashin har gobe.

Inda nake da ƙorafi shi ne haɗa duka biyun a wata guda. A lokacin fetur ɗinmu duk daga waje ake shigo da shi da dala, matatar Ɗangote ta Lekki ba ta fara fitar da fetur ba sai Satumbar 2024. Ka saki farashin mai, ka saki dalar da ake sayen man da ita, ai ka ɗaure akuya ne a bakin ramin kura. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,800 a kasuwa. Wani ɓangare kuma ba namu ba ne: Amurka ta yi ta ɗaga kuɗin ruwa daga 2022 har ya wuce kashi 5 cikin 100, masu kuɗin duniya suka kwashe dalolinsu daga ƙasashe irin namu suka mayar can. Masar ma ta karya darajar kuɗinta a Maris 2024. In ka matsa mini, Sani, zan ce biyar da biyar.

Mai_Shayi_Obalende:
Ni burodi ne ma'aunina. Alkamarsa ba a nan ake noma yawancinta ba, da dala ake sayo ta. Yaƙi ya tayar da ita, faɗuwar naira ta ƙara tayar da ita. Da mutum zai ce a yanka masa rabin burodi a soya ƙwai biyu. Yanzu sai ya ce shayi kawai, a rage madara. Wanda ya yi laifin ban san shi ba, amma na san wanda ke biya.

Baba_Apapa:
Yarana, ku bar tsoho ya sa baki. Na zo Legas a 1973, na yi aiki a tashar jiragen ruwa har na yi ritaya. Na ga kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata a zamanin Gowon, lokacin da mai ya yi tsada a duniya, ma'aikata suka karɓi ariyas, kowa ya sayi rediyo da babur. Na ga jiragen siminti sun yi cincirindo a teku a 1975, wata da watanni suna jiran a sauke su. Ba wanda ya ce a lokacin arzikin daga waje ya zo, cewa aka yi gwamnati ta iya. Da farashin mai ya faɗi, Shagari ya kawo tsuke bakin aljihu a 1982, sai aka ce duniya ce. Muka yi layin madara da sabulu a 1984. Babangida ya kawo SAP, shirin gyaran tattalin arziki, a 1986, naira ta fara gangarowa. Haka a 2014 gangar mai tana sama da dala 100, zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da 30, aka shiga karayar tattalin arziki.

Abin da na lura da shi a shekarun nan hamsin: in kasuwar mai ta yi kyau, kowane shugaba cewa yake aikinsa ne. In ta lalace, sai ya nuna mana ƙetare. To ni a wajena wanda ya karɓi yabon damina, shi zai karɓi zargin fari. Shugaba ba shi ke sa farashin ganga ba, gaskiya ne. Amma shi ake tambaya me ya ajiye a rumbu lokacin da ake da shi. A 2022 ganga ta haura dala 120, ƙasashe masu mai suna ta tara kuɗi, mu kuwa abin da muke haƙowa ya faɗo ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana saboda sata da fasa bututu. Kasuwa ta ci, mu ba mu da kayan kai wa.

Sani_Mil12:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan maganar rumbun ta shige ni.

Malam_IdiAraba:
Bismillah. Akwai abubuwa biyu da ya kamata mu riƙe tare. An taɓa yin tsada a Madina, sahabbai suka nemi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ƙayyade farashi, ya nuna musu cewa Allah ne mai sanya farashi, mai ƙuntatawa, mai yalwatawa. Saboda haka ba kowane tashin farashi ne ake neman wanda za a tsine wa ba. Amma kuma a shekarar fari da aka yi zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ba shi ya hana ruwa sauka ba, duk da haka ya haramta wa kansa nama da man shanu har jikinsa ya sauya, ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, ya tsaya da kansa ana rabawa. Annabi Yusuf, alaihis salam, bai hana shekaru bakwai na yunwa zuwa ba, tanadi ya yi musu. Musibar ba a tambayar shugaba a kanta. Abin da ya yi kafin ta zo da bayan ta zo, a nan hisabin yake.

Usman_AlabaRago:
Allah gafarta Malam, da girmamawa nake magana. Hadisin farkon nan mun sha jin sa a kan mumbari duk lokacin da talaka ya buɗe baki. Kissar Umar kuwa ba a cika kai ta gidan gwamnati ba. A watan Agustan 2024, watan da matasa suka fito zanga-zangar yunwa a Kano da Kaduna da nan Ojota, a cikinsa aka ga sabon jirgin shugaban ƙasa. Ana ce mana mu ƙara haƙuri. Ina man shanun da aka bari?

Malam_IdiAraba:
Malam Usman, ka yi gaskiya, kuma shi ya sa na kawo su a haɗe. Malamin da ya karanta wa talaka na farko ya ɓoye wa mai mulki na biyu ya ci amanar ilimi.

Dan_Jamiyya_Ijora:
Duk masu kukan nan ai waɗanda ɗan takararsu ya faɗi ne. A 2012 da Jonathan ya cire tallafi su wa suka cika Ojota?

Shugaban_Zaure:
Ɗan uwa, mai tambaya ya roƙa a bar maganar jam'iyya. A kiyaye don Allah.

Baba_Apapa:
A bar shi, akwai abin dubawa a maganarsa ko da ya faɗe ta a karkace. Ranar 1 ga Janairu 2012 lita ta tashi daga 65 zuwa 141, aka rufe Legas sama da mako guda, aka dawo da ita 97. Da yawa daga cikin 'yan siyasar da suka soki cirewar a lokacin su ne suka zo suka cire daga baya. Haka kuma waɗanda suka kare ta a lokacin yanzu su ke suka. Shi ya sa ba na auna laifi da bakin ɗan siyasa.

Hajiya_Balaraba_Yaba:
Ni malamar makaranta ce, kuma ina mamakin yadda har yanzu ba wanda ya ambaci gwamnoni. Tun da aka cire tallafi, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya duk wata ya ƙaru ƙwarai. Asibitin ƙauyenku, firamaren ƙauyenku, hanyar da manomi zai fito da amfaninsa zuwa bakin titi, duk ba aikin Abuja ba ne. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mutum nawa ne a zauren nan ya san nawa ƙaramar hukumarsa ta karɓa a watan jiya? Mun san sunan shugaban ƙasa, ba mu san sunan kansilanmu ba. Ko hana acaɓa da aka yi a wasu ƙananan hukumomin Legas a Yunin 2022, wanda ya taɓa dubban yaranmu, hukuncin jiha ne.

Sannan, Malam Sani, kada ka ji haushi, ku ma 'yan kasuwa da naku. Dala ta hau kun ƙara, dala ta sauko ba ku rage ba.

Sani_Mil12:
Ban ji haushi ba Hajiya. Kayan gwari ba ya ɓoyuwa, kwana biyu ya ruɓe, don haka mu ba mu da halin riƙe shi. A tsakiyar 2024 da kwandon tumatir ya haura dubu ɗari, tsutsar nan da manoma ke kira sharon ce ta cinye gonaki, ga kuma kaya sun yanke tsakanin na rani da na damina. Amma a hatsi akwai masu cika sito su kulle su jira farashi, na san da su, kuma Malam zai gaya miki hukuncin mai ɓoye abinci.

Lawal_OkoOba:
Ni harkar dabbobi nake a abbatuwa. Ga misalin da ya haɗa duniya da shugaba a wuri guda. Sojoji sun yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023. Ba mu muka yi ba. Amma rufe iyaka da yanke musu wuta hukunci ne da aka yanke lokacin shugabanmu ne ke jagorantar ECOWAS. Iyakar ba a buɗe ta ba sai Maris 2024. Shanu da raguna da wake da ke shigowa ta Illela da Jibiya da Maigatari suka ragu, 'yan kasuwarmu da ke kai kaya Maraɗi da Damagaram suka zauna. Haka Buhari ya rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 don a ci shinkafar gida. Kowanne da dalilinsa, amma alƙalamin mutum ɗaya ne. Irin wannan ba za a ce duniya ce ba.

Bello_Dako:
Ni ban yi boko ba, ƙanena ke rubuta mini. Dako nake yi a Mil 12, Malam Sani ya san ni a fuska. A garinmu a Zamfara ina noma buhu sittin na gero da dawa. Shekara uku muna biyan 'yan bindiga kafin mu yi shuka, mu sake biya kafin mu girbe. A ta huɗu suka kashe yayana a gona, da fartanyarsa a hannu. Na kwashe iyali na kai su Gusau, ni na taho nan. Yanzu ni da nake sayar da hatsi, ni ke auna gwangwanin dirika ɗaya in aika kuɗin sauran gida. Irina muna da yawa a kasuwar nan. In kuna lissafin abin da ya sa abinci ya yi tsada, ku sa gonakinmu da suka koma daji.

Maman_Ikram_Agege:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Allah ya mayar da ku gida lafiya.

Usman_AlabaRago:
Amin. Hajiya Balaraba, kin ga inda maganar gwamnoni ta tsaya. Soja da ɗan sanda duk na tarayya ne. Gwamna ba shi da bataliya. Tsaron gona kai tsaye yana kan shugaban ƙasa, na jiya da na yau.

Hajiya_Balaraba_Yaba:
Na yarda da rabin maganarka. Amma yaran da aka bari ba makaranta ba sana'a har suka shiga daji, a gaban gwamnoni da sarakuna da iyaye suka girma.

Isa_Saminaka:
Ina aikin gadi a Lekki amma ina noma masara a gida duk damina. Ku mutanen birni kuna son abinci ya yi araha. A Yulin 2024 gwamnati ta ce ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150. Daga baya hatsi ya sauko, kuka ji daɗi. Mu kuwa taki bai sauko ba. Na sayar da buhu biyu na masara ban sayi buhun taki ɗaya ba. Bana rabin gonar na shuka. Hukunci ɗaya, Maman Ikram ta samu sauƙi, ni na yi asara. To a wajen wa shugaban ya yi laifi?

Abba_Akoka:
Tambayar Malam Isa ita ce mai wuyar. Kuma game da abokin Malam Sani, bai yi ƙarya ba: hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a Ghana a Disambar 2022, ta wuce 11 a Ingila, ta wuce 9 a Amurka a shekarar. Tamu ta kai 34.8 a Disambar 2024. Sai dai ku duba abin da ya biyo baya. A 2024 jam'iyya mai mulki ta faɗi zaɓe a duk ƙasashen ukun. A Siri Lanka shugaban ƙasa guduwa ya yi a 2022. Ba inda masu zaɓe suka tsaya kasa laifi kashi goma. Wanda suka tarar a kujera shi suka kama.

Alhaji_DanCanji:
Wannan ba ya nuna sun yi daidai, Abba. Fushi daban, adalci daban.

Baba_Apapa:
Alhaji, mai zaɓe ba alƙali ba ne, mai gona ne da ya ɗauki ɗan ƙwadago. Ba sai ya tabbatar da laifi ba kafin ya sallame shi.

Sani_Mil12:
Na karanta duka, wasu har sau biyu. Jiya da goma na tsaya. Yanzu yaƙi da dalar Amurka da tsutsa na cire su daga wuyansa. Bashin da ya gada ma na rage masa wani abu, ko da yake ya san da shi ya nemi kujerar. Amma gaggawar da aka yi, da iyaka, da hanyar Garba, da gonar Bello, waɗannan ban ga wanda zan miƙa wa ba. Ina ganin na tsaya a shida. Zan nuna wa abokin nawa anjima, na san zai ce uku.

Maman_Ikram_Agege:
Ni ina nan a tarata. Ɗayan da na bari na gwamnoni ne, saboda Hajiya Balaraba.

Isa_Saminaka:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini tawa.

Garba_Tirela:
Malam Isa, in na sauke lodi zan ba ka tawa amsar, doguwa ce. Yanzu muna bayan Jebba, wata tanka ta faɗi ta tare hanya tun asuba, layi ya kai inda ido ba ya gani. Malam Sani, ka gaya wa masu kaya kada su sa rai da ni kafin jibi.